Filin Tambaya da Amsa: Shin Akwai Abinci a Aikin Lauyan Ruwa?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan guraben aikin lauya suke, kuma huɗu daga cikinsu sun haɗu a kan abu ɗaya, wato shari'ar ruwa. Na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Barista, ni ɗaliba ce 'yar aji huɗu a Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, Zariya, gidanmu kuma yana Unguwar Dosa a Kaduna. Na karanta cewa a Amurka akwai lauyoyin da ba su da wani aiki sai shari'ar haƙƙin ruwa, kuma suna samun rufin asiri sosai. Shin akwai irin wannan a Najeriya? Idan akwai, ina ake ɗaukarsu aiki?

AMSA: 'Yata, abin da kika karanta gaskiya ne, sai dai akwai dalilin da ya haifar da shi a can wanda babu shi a nan, kuma idan ba ki gane wannan dalili ba za ki ɓata shekaru kina neman ƙofar da ba a gina ba. Yammacin Amurka ƙasar fari ce, don haka tun ƙarni na 19 jihohin yankin suka ɗauki ƙa'idar cewa wanda ya riga jan ruwa daga kogi ya yi amfani da shi, shi ne a gaba duk shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, ko da gonarsa ba ta kusa da gaɓar kogin. Wannan haƙƙi dukiya ce mai takarda da kwanan wata, ana sayar da ita, ana gadonta, kamar yadda ake yi da fili a Malali ko Barnawa. Jihar Kolorado har kotunan ruwa bakwai take da su, kuma tun 1922 jihohi bakwai suka ƙulla yarjejeniyar raba ruwan Kogin Kolorado, wadda har yau ba a daina kai ruwa rana a kanta ba. Tunda ruwa ya zama haja mai farashi a wurinsu, dole lauya ya sami abin yi.

A nan ba haka aka gina dokar ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a lamba ta 64 ta jerin abubuwan da Majalisar Dokoki ta Ƙasa kaɗai ke yi wa doka, ya sa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun tarayya. Dokar Albarkatun Ruwa, wadda ta fito a matsayin dokar soja mai lamba 101 ta 1993, ta danƙa wa Gwamnatin Tarayya iko da irin wannan ruwa, na sama da na ƙarƙashin ƙasa. Sashe na 2 na dokar ya bar wa talaka ya ɗebi ruwan amfanin gida, ya shayar da dabbobinsa, ya yi su, ya tuƙa kwalekwalensa, mai gona kuma ya yi wa lambunsa ban-ruwa, abin da ya wuce haka kuwa sai da lasisi. Ita ma ƙasa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ta amana a hannun gwamna. Babu wanda ya mallaki wani kaso na ruwan Kogin Kaduna balle ya kai shi kasuwa, shi ya sa a tsawon shekarun da na yi ina wannan sana'a ban taɓa ganin sanarwar ɗaukar aiki da aka rubuta ana neman lauyan ruwa ba.

Amma ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Rigimar ruwa tana shiga kotunanmu kullum, sai dai takan shigo ne sanye da rigar wani abu: ƙarar fili, neman diyya, saɓanin kwangila, ko ƙorafin gurɓata muhalli. Ki dubi Kogin Kaduna da ya raba garin nan biyu. Ya taso daga tsaunukan Filato, ya ratsa Kaduna, ya shiga Jihar Neja inda madatsar Shiroro ke samar da megawat 600 tun 1990, Zungeru kuma aka gina ta da ƙarfin megawat 700, kafin ya faɗa Kogin Kwara, wato Kogin Neja. A kan wannan kogi guda mai lambu yake jan ruwa da injinsa, masunci yake jefa komarsa, masu tifa suke kwasar yashi, matatar ruwa ta Malali take shayar da gari, masana'antun Kakuri kuma suke neman inda za su kai dagwalonsu. Duk inda biyu daga cikin waɗannan suka yi karo, akwai aikin lauya, ko an kira shi ko ba a kira shi ba.

Babban mai ɗaukar aiki a wannan fanni gwamnati ce. Akwai ma'aikatar ruwa ta tarayya da hukumomin raya koguna goma sha biyu da ke ƙarƙashinta. Jihar Kaduna tana ƙarƙashin wadda ke da hedikwata a Minna ne, ta Haɗeja da Jama'are tana Kano, ta Tafkin Chadi tana Maiduguri. Akwai hukumar NIWRMC mai ba da lasisin amfani da ruwa bisa ƙa'idojin 2016, da NESREA mai tsaron dokokin muhalli tun 2007, da NIWA mai kula da hanyoyin sufurin ruwa daga Lakwaja. A jiha, Dokar Samar da Ruwa da Tsaftar Muhalli ta 2016 ta mayar da tsohuwar hukumar ruwa kamfani, ta kuma tanadi hukumar da ke sa ido a kan masu samar da ruwa. Aikin lauya a irin waɗannan wurare ba na tsayawa gaban alƙali ba ne galibi. Rubuta ƙa'idoji ne, da duba takardun kwangila, da ba shugaban hukuma shawara kafin ya sa hannu a abin da zai jawo ƙara. Guraben kaɗan ne, kuma ba sai na gaya miki yadda neman aikin gwamnati yake ba.

Inda na fi ganin aiki, kuma inda na fi so ki mai da hankali, shi ne batun diyya. Ba a gina madatsa sai an tashi mutane. Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna ikon soke mallaka saboda maslahar jama'a, sashe na 29 kuma ya ce a biya diyyar abin da mutum ya raya a kan filin, kamar gini da amfanin gona, ba darajar ƙasar kanta ba. Ki auna wannan da halin mai fadamar da ke noma sau biyu a shekara, damina da rani: idan ma'aikata suka zo ƙidaya a lokacin da ya riga ya kwashe amfaninsa, abin da za su rubuta masa bai wuce mangwaro biyu da ɗorawa ɗaya da bukka ba, alhali abin da ya rasa ciyar da zuriya ne. Mun san inda irin wannan ya kai a Bakolori, kusa da Talatar Mafara, a watan Afrilun 1980, lokacin da manoman da ke neman haƙƙinsu suka yi arangama da 'yan sanda aka rasa rayuka masu yawa. A yau ayyukan da Bankin Duniya ke ba rance ba a fara su sai an rubuta tsarin sake tsugunar da jama'a, kuma ma'aunin bankin ya fi na dokarmu faɗi, domin yana neman a biya abin da zai maye gurbin wanda aka rasa, yana kuma kula da waɗanda ba su da takardar mallaka. Tazarar da ke tsakanin dokar gida da sharaɗin mai ba da rance, a nan ake neman lauyan da ya san biyun, ko ya tsaya wa al'umma ko ya yi wa aikin kansa hidima.

Ga kuma madatsar Gurara da ke kudancin jiharmu, wadda ake tura ruwanta ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 zuwa madatsar Usuma don shayar da Abuja. Me ya kamata ya koma wa ƙauyukan da ke zaune a bakinta? Tambaya ce ta doka, kuma idan kina neman maudu'in kundin kammala digiri, ga shi nan a ƙofar gida.

Dokar fannin ma ba ta gama zama ba, wanda hakan alheri ne ga mai shigowa. Ƙudirin dokar albarkatun ruwa na ƙasa da gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta aika majalisa a 2017 ya so tattara tarwatsattsun dokokin nan wuri guda, amma ya gamu da zargin cewa dabara ce ta ƙwace gaɓar koguna daga hannun jihohi, aka yi ta cacar baki a 2018 da 2020, har Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Yunin 2023. A watan Janairun 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ba NIWA gaskiya a kan hukumar Jihar Legas game da iko da hanyoyin ruwa na cikin gida. A ganina da yawa daga cikin masu yabon ƙudirin da masu zaginsa ba su karanta shi ba. Ke ki karanta shi sashe-sashe, ki kuma yi amfani da hutunki ki riƙa leƙa Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, wadda take nan tun 1979, ki saba da harshen injiniyoyi, domin lauyan da bai iya karanta rahoton ma'aunin ruwa ba, ƙwararren mai ba da shaida zai wasa da shi a gaban alƙali.

TAMBAYA: Ni ma'aikacin gwamnati ne mai ritaya, ina zaune a Tudun Wada. Ɗana ya gama Makarantar Horas da Lauyoyi ta Bagauda, ya kuma kammala hidimar ƙasa. Yanzu ya matsa sai ya tafi Turai digiri na biyu a kan dokokin ruwa na ƙasa da ƙasa. Ba ni da abin biya sai wani fili da nake da shi a Rigachikun. In sayar?

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kada ka sayar, aƙalla ba yanzu ba.

Karatun da yaron yake so karatu ne na gaske, ba shirme ba. Jami'ar Dandi da ke Sikotland tana da cibiya ta musamman a kan dokokin ruwa, haka nan cibiyar IHE da ke garin Delft a ƙasar Holan ta daɗe tana horar da ma'aikatan ruwa daga Afirka. Kuma Najeriya ƙasa ce da manyan ruwayenta suke haɗe da na maƙwabta. Tana cikin ƙasashe huɗu da suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a ranar 22 ga Mayun 1964, tare da Nijar da Chadi da Kamaru, hedikwatar tana Injamena. Tana cikin ƙasashe tara na Hukumar Kogin Neja da ke Yamai. A 1990 ta ƙulla yarjejeniyar Maiduguri da Nijar a kan ruwayen da suka ratsa iyakarsu, irin su Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 a kan kogunan da ƙasashe suka yi tarayya a cikinsu. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun tuna mana cewa idan aka buɗe madatsar Lagdo a Kamaru, mutanen Adamawa da Binuwai da Kogi ne suke kwana a kan tudu, kuma madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa a sama da mu za ta shafi ruwan da ke isowa Kainji. Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, amma kogin bai fice ba. Saboda haka ƙasar nan tana bukatar mutanen da suka iya zaman teburin raba ruwa.

Matsalar ita ce kujerun wannan teburi ƙalilan ne, kuma ba a ba sabon lauya. Waɗanda ake turawa galibi manyan ma'aikata ne da suka yi shekaru a ma'aikatar ruwa ko ta shari'a ko ta harkokin waje. Sannan a Yamai da Injamena Faransanci ne harshen yau da kullum, wanda bai iya shi ba yana zaune ne a jiran tafinta. Ayyukan da Bankin Duniya ya tallafa wa a Arewa, kamar TRIMING na gyaran noman rani a Bakolori da Kano da Haɗeja, da SURWASH na ruwan sha wanda Kaduna ke cikin jihohi bakwai da aka fara da su, sukan ɗauki masu ba da shawara a kan doka, amma abin da suke fara dubawa shi ne shekarun da mutum ya yi yana aiki da irin takardun da ya taɓa rubutawa. Yaron da ya dawo da digiri biyu ba tare da ya taɓa shigar da ƙara ko rubuta yarjejeniya ba, zai koma ofishin wani babban lauya ne ya karɓi albashin da kowane sabon lauya yake karɓa, wanda kowa a sana'ar nan ya san bai taka kara ya karya ba. A lokacin filin ya tafi, kai kuma ga fansho ba ya zuwa a kan kari.

Shawarata ita ce ya yi shekara uku yana aiki a ofishin da ke yawan shari'ar filaye, ya shiga ajin Faransanci na yamma a Alliance Française da ke nan Kaduna, sannan ya nemi tallafin karatu. Na Chevening da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa ma sharaɗinsa shi ne mutum ya yi aiki na aƙalla shekara biyu, ka ga ke nan jinkirin ba asara ba ne. Idan bayan shekara ukun zuciyarsa tana nan a kan ruwa, to ka san ba zuga ce ta abokai ba. Ka nuna masa wannan amsa, kada ya ɗauka rowa ce ta hana ka.

TAMBAYA: Malam, ni ɓangaren Shari'ar Musulunci na karanta a jami'a, kafin nan kuma na yi zaure shekara da shekaru. Abokaina suna cewa fannin ruwa na 'yan dokar Turawa ne, mu namu aure da gado. Haka ne?

AMSA: Malam, abokanka ba su duba littattafan da ke gabansu ba. Fiƙihu ya yi maganar ruwa dalla-dalla tun kafin a haifi dokar Ingila a kan wannan batu, domin a ƙasar da ruwa ke da tsada ya taso. Ka san hadisin da ya ce Musulmi sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, da hanin da aka yi na hana rarar ruwa don a hana kiwo. Malamai sun raba haƙƙin sha, na mutum da dabba, da haƙƙin ban-ruwa. A cikin Muwaɗɗa akwai hukuncin rafukan Mahzur da Muzainib na Madina, cewa na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu sannan ya sakar wa na ƙasa. Akwai kuma hukuncin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da Muhammad bin Maslama ya hana Dahhak bin Khalifa ratsa gonarsa da hanyar ruwa, Umar ya ga babu cutarwa a kansa, ya tilasta a ratsa.

Bari in nuna maka inda wannan ya fi dokar Turawa amfani. A unguwanni irin su Rigasa da Hayin Banki, mai hali yakan haƙa rijiyar burtsatse, maƙwabcinsa mai rijiyar guga ya zo yana kuka cewa tasa ta ƙafe. Ko da a ce an tabbatar burtsatsen ce sanadi, wanda tabbatar da shi sai da ƙwararre, lauyan mai burtsatse zai ɗauko hukuncin Ingila na 1843, shari'ar Acton da Blundell, inda kotu ta ce mutum ba shi da haƙƙi a kan ruwan da ke tsatsafowa ƙarƙashin ƙasa idan maƙwabcinsa ya janye shi daga cikin filinsa. Malikiyya kuwa sun ce harimin rijiya shi ne gwargwadon abin da ba zai ƙuntata wa masu zuwa ɗiba ba kuma ba zai cutar da ruwanta ba, a ƙarƙashin ƙa'idar ba cuta ba cutarwa. Wanne ne cikin biyun mutanenmu za su karɓa su ci gaba da gaisawa a masallaci?

Na taɓa shiga wani rabon gado a wani ƙauye da ke arewacin jihar nan. Mamacin ya bar fadama doguwa, kanta ɗaya ne kawai ya taɓa rafi. An riga an auna da igiya an raba ta a kwance, kowa ya sami taki daidai rabonsa, sai babban wa ya faɗo a bakin ruwa, 'yan'uwansa mata biyu kuma can ƙurya inda ko albasa ba za ta yi ba sai an ratsa gonarsa da tiyo. Da rani ya kama, ya jera buhunan yashi ya datse ɗan ruwan da ya rage, ya kafa injinsa. Da muka zauna a zauren mai gari, na zo da dokar 1993 a jakata, amma ban buɗe ta ba, domin limamin garin ne ya karanto hukuncin Umar, wan ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ce komai ba. Abin da ni na yi shi ne rubutawa: faɗin hanyar da tiyo zai bi, ranakun da kowa zai kunna inji, wanda zai sayi mai, da abin da za a yi idan ruwa ya ja baya a watan Maris. Kowa ya dangwala, mai gari da liman suka yi shaida.

Sai dai ka san iyakarka. Sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, don haka rigimar mallakar fili zalla ba can take ƙarewa ba. Amma ka lura da kalmar waƙafi. Rijiyoyin burtsatse nawa ne aka haƙa sadakatul jariya a garin nan ba tare da takarda ba, mai sadakar ya rasu, magada suka ce filin nasu ne, ko wani ya sa kwaɗo ya fara sayar wa 'yan ga-ruwa? Rubuta takardar waƙafi ingantacciya, da sulhu tsakanin masu lambu da makiyaya a kan mashaya da burtalin da ke kaiwa gare ta, aiki ne da kai ka fi abokanka cancanta da shi, musamman yanzu da Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023 ta ƙarfafa yarjejeniyar da aka cim ma a wajen kotu. Kuɗinsa ba yawa, wannan kam ba zan ɓoye maka ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, shekarata biyu da zama lauya, ina aiki a wani ofishi a titin Ali Akilu. Ina sha'awar fannin, amma ba zan iya barin aikina ba. Ta ina zan fara?

AMSA: Ƙanena, ba sai ka bar ko'ina ba, daga teburinka za ka fara. Ka buga dokar 1993 da dokar hukumomin raya koguna da dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 da dokar ruwa ta jiha ta 2016, ka haɗa su a fayil guda, ba su kai kaurin littafin jarrabawa ɗaya ba. Sannan ka gaya wa maigidanka cewa duk takardar da ta shigo mai ƙamshin ruwa a ba ka. Za ka yi mamakin yawansu: mai kamfanin ruwan leda da ke neman rajistar NAFDAC da izinin haƙa burtsatse, ɗan kwangilar da ya shimfiɗa bututu ba a biya shi ba, mai gonar kifi da maƙwabta suka kai ƙara saboda ruwan da yake saki, ƙungiyar manoman rani da ke son rajista da tsarin mulkin da zai fayyace kuɗin ruwa da rabon kwana. Manyan ayyuka, irin jinginar da tashoshin Kainji da Jebba da Shiroro ga 'yan kasuwa da aka yi a 2013, ofisoshin Legas da Abuja ne suke cinye su, kuma ba za ka shiga wannan sahu ba sai ka ƙware a dokar kwangila da ta haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai, domin ni ya taɓa ƙona ni. Wata shekara wasu manoman shinkafa su bakwai suka zo ofishina, babbansu riƙe da leda cike da hotunan gonakin da ruwa ya shanye bayan an buɗe wata madatsa cikin dare ba tare da gargaɗi ba. Sun yi wata biyar suna zarya tsakanin hakimi da kansila da ofishin hukumar, ana ce musu ana dubawa. Ni kuma na shigar da ƙara ina murna da ƙarfin hujjata. Lauyan hukumar ko hotunan bai kalla ba, ya miƙe ya karanto Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda ta ce a shigar da irin wannan ƙara cikin wata uku, kuma alƙali ya kori ƙarar tun kafin a kira shaida ko ɗaya. Dokar tana da togaciya, kamar ƙarar neman fili da ta kwangila da ɓarnar da ke ci gaba, amma tamu ba ta faɗa ciki ba. Har yau ina tuna yadda dattijon ya naɗe ledarsa a harabar kotu ya ce mini, "To Barista, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Saboda haka duk wanda ya zo maka da ɓarnar ruwa, tambayarka ta farko ita ce ranar da abin ya faru, ta biyu kuma ko dokar da ta kafa hukumar tana bukatar a aika mata takardar sanarwa kafin ƙara, da kwana nawa ta gindaya. Ka tura safiyo ya auna gonakin kafin alamar ruwa ta goge daga jikin itatuwa, ka nemi bayanan ma'aunin kogi daga NIHSA, hukumar tarayya mai auna ruwan koguna, ka kuma sami injiniya ɗaya a Mando wanda zai yarda ya tsaya a akwatin shaida. Tunda dokokin sana'armu sun hana farautar masu ƙara, hanyar da za a san ka ita ce rubutu a jarida da gabatar da maƙala a taron reshen ƙungiyar lauyoyi. Idan ka rubuta ta farko, ka aiko mini ta adireshin mujallar nan in duba maka kafin ka miƙa.